Tekun Kwamanda Yahaya

Duk unguwar Kambarawa an san Kwamanda Yahaya ya dawo, amma in ka ce a nuna maka wanda ya zauna da shi suka yi hira tun dawowar, sai an sha nema. Sojan ruwa ne, ɗan cikin garin Katsina, inda babban ruwan da yaro ya sani shi ne kududdufin unguwa in damina ta yi kyau. A zamanin mulkin soja aka ɗauke shi daga bakin aikinsa a Legas, aka kai shi wani wuri da har yau bai faɗa wa kowa sunansa ba. Ana dab da miƙa mulki ga farar hula aka sako shi, ya dawo gida da 'yar jaka da tari. Aka yanka rago, aka yi ta tururuwar barka da arziki. Da ƙafa ta ɗauke, sai Kwamanda ya shiga ɗakinsa, ya sauko da wani tsohon gem daga saman kabad, ya kakkaɓe shi, ya jona da talabijin, ya zauna. To, zaman ke nan har yanzu, ga shi an shiga shekara ta uku.

Gem ɗin ba baƙo ba ne a gidan. Shi ya sayo wa ɗansa Nasiru lokacin da aka tura shi kwas ƙasar waje, a lokacin Nasiru ko kaciya ba a yi masa ba. Kaset ɗaya tak ya zo da shi, na yaƙin jiragen ruwa: kana tuƙa naka, na abokan gaba suna ɓullowa, ka harbe su ko su nutsar da kai. A wancan zamani in yaran unguwa suka taru, ba ka jin komai sai dum, dum, har kajin gidan suka saba. Yanzu Nasiru yana Zariya yana karatu, gemu ya fito masa, ya manta da abin. Uba ne ya gaji ɗa.

Hajiya Furera, matar Kwamanda, ta gaji. Ba gajiyar aiki nake nufi ba, wannan ai barci yana maganinta. Matar nan duk shekarun da aka tsare mijinta babu ƙofar babban mutum da ba ta tsuguna ba, babu azumin nafila da ba ta yi ba. Kafin nan ma ba ta more shi ba, don tun aurensu a Katsina ya bar ta tana kula da tsohuwarsa, shi yana can Legas, yana zuwa hutu yana cewa wata rana zai ɗauke ta ya kai ta ta ga teku. Tsohuwa ta rasu, aka kama shi, maganar teku ta bi iska. Yanzu da Allah Ya dawo mata da shi, abin da take gani kullum bayan talabijin ne da saman hularsa. Tun da ya dawo ba ya yarda ya ba ƙofa baya, don haka ya juya talabijin ɗin, shi ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa.

Ita kuwa ta yi rantsuwa a ranta ba za ta zagaya ta kalli wannan shirme ba. Takan kawo tire ta ajiye a bakin ƙofa ta ce, "Ga abinci nan, Alhaji." Ya ɗago ya ce, "Sannu." Shi ke nan, ta juya. Ƙarar bindigar da ta sani a da ma ta daina jinta, sai wani shuuu mara ƙarewa kamar rediyon da ta rasa tasha. Ta ɗauka tsufa ne ya cinye muryar abin. In aka ɗauke wuta, sai ya zauna yana jiran a kawo. Masallaci kawai ke fitar da shi, yana sallamewa kuma ya zari takalmansa kafin a kai ga gaisawa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne gidan biki. Mata su gaishe ta, su rage murya, su ce, "Ya mai jiki?" Wane mai jiki? Mutum yana ci, yana sha, yana salla a tsaye! Amma ta san abin da suke nufi, ta kuma san abin da suke cewa in ta ba da baya. Sai ta ce da sauƙi, ta dawo gida ta yi ta wanke kwanonin da ba su yi datti ba.

Ana nan sai ga Mudassir, ƙanen Kwamanda, mai sayo motoci daga Kwatano. Mutum ne mai baki, wanda in ya shigo gida sai kowa ya san ya shigo. Ya daɗe a ɗakin wansa, ya fito ya samu Furera a tsakar gida tana gyaran zogale, ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna.

"Matar Yaya, kina zaune kan dukiya kina tsinkar ganye."

"Kai dai ba ka rabo da zancen banza, ƙaramin miji. Wace dukiya? Halan wata ruɓaɓɓiyar motar ka kawo mani?"

"Wallahi ba wasa nake ba. Kaset ɗin nan na Yaya."

Ya ba ta labari. Baturen da ke turo masa motoci ashe yana da wata cuta: tara tsofaffin gem. Ɗaki guda ya cika da su, ba ya ma kunnawa, jera su yake yi yana kallo. Wata rana suna hira Mudassir ya kwatanta masa na gidansu, mai hoton jirgi ruwan toka yana keta igiyar ruwa. Bature ya miƙe tsaye. Wai kamfanin da ya yi shi kaɗan ya buga ya rushe, masu tarawa nemansa suke ido rufe. Kuma ga shi zai shigo Kano cikin satin nan.

"Kuɗin mota fa, Hajiya. Mota mai lafiya, ba irin wadda nake sayar wa abokan gaba ba."

"Shi Alhaji mi ya ce?"

"Ya ce, ba na sayarwa ba ne. Ya maida kanshi kan talabijin."

Furera ta ci gaba da murza ganye. Motar ba ta dame ta ba, ina za ta je da ita? Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ɗakin nan babu shuuu. In abin ya bar gidan, dole mutumin nan ya ɗago kai. Dole ya fito tsakar gida ko da faɗa zai yi mata, ita kuwa ta yi kewar ko da faɗan ne.

Ba a rufe sati ba aka aiko kawun su Kwamanda ya rasu a Malumfashi. Wannan kam babu gudu, kawu ne da ya riƙe su suna yara. Mudassir ya zo ɗaukarsa, za su zauna har a yi sadakar uku. Kafin su fita ya leƙo kicin ya ce a hankali, "Gobe zan sulale in dawo. Ki ɗauko mani kaset ɗin da kwalinshi da 'yar takardar da ke ciki. Nuna mashi kawai za mu yi, in Yaya ya ji farashi da kunnenshi ƙila ya sauko. Amma yadda suke, Hajiya. Kada ki taɓa komi."

"Na ji," in ji ta. Kuma ta ji ɗin, kada wani ya ce ba ta fahimta ba.

Washegari da hantsi ta shiga ɗakin. Ta san ɗaukar kayan miji ba da izninsa ba ba halinta ba ne. Ta ce wa ranta ai nunawa kawai za a yi, ranta kuma ya san ƙarya take. Ta zare kaset ɗin daga cikin injin, ta ɗauki kwalinsa a saman talabijin, ta fito da su haske.

Innalillahi! Ashe haka abin yake? Kaset ya yi baƙi ƙirin da dauɗar hannu, gefensa duk jan goro, hoton jirgin ya koɗe, kusurwa ɗaya ta ɗago. Kwalin kuwa kyankyasai sun yi ta'adi, ga kashinsu nan ɗigo-ɗigo, 'yar takardar ciki ta yi ruwan ƙasa tana warin daɗewa.

To, a nan fa sai ka san gidan da Furera ta fito. 'Yar Ƙofar Durɓi ce, gidan da ko turmi maƙwabta suka zo aro sai an wanke shi an kife ya tsane kafin ya fita. Kakarta takan ce abin da ya fita daga gidanka da bakinsa yake fita. Yanzu a ɗauki wannan ƙazanta a kai Kano, a ajiye gaban baƙo, baƙon ma na wata ƙasa, ya tambaya daga ina, a ce daga ɗakin mijin Furera? Ya koma garinsu ya ce haka matan Katsina suke riƙe gida? Ina! Mudassir namiji ne, me ya sani? Ba taɓawa za ta yi ba, ɗan gogewa ne kawai.

Ta jiƙa tsumma ta fara. Dauɗa ta fita, tsumma ya yi baƙi, ranta ya yi sanyi. Sai tsumman ya kama kusurwar hoton nan da ta ɗago, ya yage rabin jirgin. Ta yi salati, ta tsaya tana kallo. Rabin hoto ai ya fi babu muni, kamar mace ta yi kitso gefe ɗaya ta fita unguwa. Ta sa farce ta kankare sauran. Ƙasan ya bar danƙo, ta ɗiga kananzir ta murje. Kananzir ya bar wari, wari kuma ba ya fita sai da sabulu. Ta kaɗa kumfa a roba ta tsoma kaset ɗin gaba ɗaya, ta sa tsohon buroshi ta bi har cikin bakinsa inda wasu 'yan ƙarafa suke, ta ɗauraye, ta ɗora a kan murfin randa rana ta busar da shi.

Kwalin da takardar ba ta ma yi shawara da kowa ba, ta cusa su a murhu ƙarƙashin tukunyar wake. Ta buɗe akwatinta ta ɗauko kwalin turaren da ta zo da shi daga Makka, mai ruwan zinariya, ta naɗe kaset a sabon hankici ta sa a ciki. Gaskiya abin ya yi kyau. Rabon da ta ji daɗin wani aiki haka har ta manta.

Bayan azahar Mudassir ya iso, ƙurar hanya a girarsa, yana sauri. Ta miƙa masa kwalin turare tana murmushi.

"Wannan fa? Tukuici tun ba a yi ciniki ba?"

"Buɗe dai."

Ya buɗe, ya warware hankici. Ya juya abin gaba, ya juya baya. Bakin nan da ba ya rufuwa ya rufu.

"Hajiya, ina hoton?"

"Ya yage, na ƙarasa shi."

"Kwalin fa? Da takardar?"

Ta nuna murhu da haɓa.

Mudassir ya zame ya zauna a ƙasa da farar shaddarsa. "La'ilaha illallahu. Matar Yaya, kin kashe ni. Hoton nan da kwalin nan su ne kuɗin! Tsufan yake saye, dauɗar yake so! Wannan da kika ba ni ai roba ce, ko yaro ba zai karɓa a bakin alewa ba."

"Wane irin mutum ne zai sayi kashin kyankyaso?"

"Irin wanda zai ba da mota!"

Ta ji kunya, amma ta dake. Ta ce to tun da haka ne ya mayar da abin inda yake, Allah Ya sa haka ya fi alheri. Suka shiga ɗakin, aka yi sa'a akwai wuta. Mudassir ya tura kaset ya kunna. Gilashin talabijin ya kawo wasu zane-zane kore da ja, ya yi ƙyaf-ƙyaf, ya koma baƙi. Ya zare, ya hura bakin, ya mayar. Baƙi. Ya kalle ta.

"Da mi kika goge shi?"

Ta faɗa masa. Ya sa abin a aljihu ya fita. Ya kai wa mai gyaran rediyo a Ƙofar Ƙaura, ya kai wa wani a kasuwa, la'asar sakaliya ya dawo ya ajiye mata a kan tabarma. Sun ce ruwa da kananzir sun gama da cikinsa, kuma irinsa ko a Kano babu. Ya ce shi zai koma Malumfashi, amma Allah Ya gani ba da bakinsa Yaya zai ji wannan magana ba.

Abin da take so ai ya samu, ko ba haka ba? Shuuu ya bar gidan. Amma sai ta kasa cin waken da ta dafa.

Ran da aka yi sadakar uku, da yamma, mota ta sauke Kwamanda a ƙofar gida ta juya ba tare da Mudassir ya shigo ba. Furera ta yi masa sannu da zuwa, ta yi masa gaisuwar rashi, ta kawo ruwa. Bai kai ga zama ba ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin, ta ajiye kaset ɗin a gabansa, ta faɗa masa komai tun daga zancen Bature har murhu. Ba ta rage ba, ba ta kuma jingina wa Mudassir laifin ba. Ta gama ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa, har da ɗan ɗoki.

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki abin ya shinshina, ya tura a injin ya kunna. Ya zare, ya hura, ya mayar. Ya yi haka har ta daina kallo. Sannan ya jingina da bango ya miƙe ƙafafunsa, kamar wanda ya yi doguwar tafiya a ƙasa.

"Ya yi ƙamshi," in ji shi.

Hawaye ya zubo mata. "Alhaji, ka yi mani faɗa mana. Na gaji ne. Na gaji da ganin ka kana yaƙi da hoto, mutane suna tambayata ya mai jiki."

"Yaƙi?" Ya ɗan yi tari. "Furera, tun da na dawo ban harba ko ɗaya ba."

Rabon da ya kira sunanta tun kafin a kama shi. Ta ɗago kai.

"In aka fara, kafin jiragensu su fito, akwai wani ɗan tsibiri ta hannun hagu. Yara ba su kula da shi, sauri suke su je su yi harbi. In ka juya ka zagaya bayanshi ka kashe injin, babu wanda ke zuwa. Babu mai nemanka. Ruwa ne kawai yana tashi yana kwanciya, da ƙararshi." Ya kalli baƙin gilashin. "Inda suka ajiye ni babu taga. In na rufe ido in tuno teku, sai in ga bango. Har na fito ban iya tuno shi ba. Sai a nan."

Ya shafa gilashin da bayan hannu, ya duba ƙurar da ta biyo yatsunsa.

"Ba wani teku ne na kirki ba, 'yan layuka ne shuɗɗa. Amma na ce maki zan kai ki ki gani, ban kai ki ba, yanzu kuma ba ni iya komawa can. Kullum in na ji tafiyarki sai in ce yau zan ce ki zagayo. Kafin in haɗa maganar, tire ya sauka, kin juya."

Furera ta rasa inda za ta sa kanta. Taku kaɗan ne tsakanin bakin ƙofa da inda yake jingine, kuma shekara biyu da wani abu tana share ɗakin nan kullum in ya tafi masallaci, talabijin a kashe. Ta buɗe baki ta ba shi haƙuri, sai aka kira magariba. Ya miƙa hannu ya kashe talabijin ɗin da kansa, ya tashi ya ɗauki buta.

Washegari bai fito tsakar gida ba. Da ta leƙa da rana, yana inda yake zama, bayansa a bango, hannuwansa a kan gwiwa, talabijin a kashe. Gidan ya yi tsit, har tana jin kaji suna tono a bayan kicin. Ta zuba abinci ta ɗauko tire. A bakin ƙofa ƙafarta ta tsaya da kanta, don ta saba. Ta cire takalmi ta shiga, ta zagaya, ta ajiye tiren, ta zauna a gefensa a kan darduma.

Babu komai a gilashin sai inuwarsu su biyu, tsofaffi, da hasken ƙofa. Suka daɗe a haka, abinci yana hucewa.

"Ta ina tsibirin yake?" in ji ta.

Kwamanda ya ɗaga hannu a hankali, ya ɗora yatsa a kusurwar hagu ta baƙin gilashin.

"Nan," ya ce. "Sai ki bi ta nan, a hankali."